Shatin Gadon Kara

Tun kafin in taɓa gawa ko ɗaya, abin da ya fi damuna shi ne karatuna. Aji huɗu na yi a elemantare aka cire ni, kuma har yau idan zan karanta suna sai na bi shi da yatsa. Da aka ce an ɗauke ni aiki a ɗakin binciken gawa na wani asibiti a nan Jimeta, ba da daɗewa ba bayan an sami 'yancin kai, sai da na yi kwana uku ina juya abu ɗaya a raina: wata rana zan manna takardar wani a kwalbar wani, a je a rataye mutumin da bai ji ba bai gani ba, kuma da hannuna. Ga 'yata Hapsatu a bayana, watanta bakwai. Dada, uwar mijina, ta ce nonona zai ɗauki warin wurin, yarinya ta ƙi kamawa. Na ɗauki wannan ma na ɗora a kan wancan. Amma buhu ya faɗo wa mijina a ƙafa wajen dako a bakin fito, ya yi wata biyar ba ya takawa, dole wani ya fita nema.

Abin da ya sa na zauna ina rubuta wannan a littafin makarantar 'yata, ga shi. Bana an kawo mana yara huɗu 'yan sakandare, an ce sun ci jarrabawar shiga aikin. Ba su da abin yi sai zama gindin dogon yaro da takardar tambayoyi, wannan ya tambayi wancan, wanda ya ci a tafa masa. Rannan na fito da bokitin kwalabe sai ɗayansu, Yakubu, ya ɗaga murya.

"Adda Asta, zo a gwada ki! Awa nawa gawa take yi kafin ta sandare?"

Na ce, "A wane wata? A ɗaki ko a rana? Mai jiki ko ramamme? Zazzaɓi ya kashe shi ko ruwa?"

Suka kwashe da dariya har da buga cinya. Yakubu ya ce, "Adda, takarda ba ta tambayi wata ba. Amsa ɗaya ce, ki zaɓa a cikin huɗu."

Wata 'yar unguwar Karewa da ke cikinsu, mai farin takalmi, ta ce, "Ku bar ta mana. Aikin nan in ka haddace shafi ashirin ka gama da shi."

Shafi ashirin! Yaran da har yau in za a buɗe mayafi sai su tuna suna jin fitsari. Na wuce famfo. Amma na ci alwashin sai na rubuta, ko da rubutuna zai zama abin dariya na biyu.

Wadda ta koya mini aiki Madam Rifkatu ce, 'yar wajen Numan, doguwa, ga murya. Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta. Wata uku cur ba ta bar ni na leƙa ɗakin ciki ba, wankin kwalba kawai. Kwalabe ne masu faɗin baki, a ciki ake zuba abin da likita ya ɗebo daga cikin mamaci idan ana zargin sammu ko guba, a aika Kaduna. Ran nan na wanke guda arba'in na jera suna sheƙi. Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci.

"Kai, Asta, zo nan. Me kake ji?"

"Sabulu, Madam."

"To wannan sabulu in ya je Kaduna, injin can ya san kai ne ka bar shi? Zai ce a cikin tumbin mutum ya fito. Sake duka."

Na sake duka arba'in ɗin, ɗauraya bakwai-bakwai, ta ƙarshe da ruwan da aka tafasa a risho, a kife su a kan farin ƙyalle, ba a goge ciki da komai. Maganar takardar suna kuwa, ita ta yi mini maganinta. Gawa ɗaya, tebur ɗaya, kwalabenta kaɗai a ɗakin. In na rubuta suna sai in karanta da ƙarfi sau biyu, ɗan sandan da ya kawo gawar ya maimaita, sannan a ɗaure baki da zare, a narka jan kaki a kan kyandir, a ɗiga, likita ya danna hatimi. In kakin ya tsage ko kaɗan, a kankare a sake. Ba ruwanta da wanda yake sauri.

Kayan aikin ba su da yawa. Farar tasa biyu, almakashi, hantsaki, tef ɗin awo irin na tela, sikeli, sifirit a babban galan, takarda mai ruwan ƙasa ta naɗe tufafi. Safar hannu ta roba guda shida ce gare mu. A tafasa, a shanya, a barbaɗa hoda, a sake sawa har sai ta huje. Tufa mai danshi ba a naɗe ta, sai ta bushe a inuwa, in ba haka ba kafin ta kai Kaduna ta yi funfuna, shaida ta tafi. Ni kuma akwai nawa aikin da ba a rubuta a ko'ina ba. Mutanenmu ba sa yarda namiji ya tsaya a kan gawar mace shi kaɗai. Ni ke tsayawa, in buɗe gwargwadon inda likita zai duba, in rufe kafin in buɗe na gaba, in fita in gaya wa dangi cewa ba a tozarta 'yarsu ba. Sau da yawa wannan maganar tawa ce take sa a sa hannu a takarda.

Wata riga nake tunawa, fara, ta wani masunci. 'Yan doka suka kawo ta da jan tabo a gaba, wai ya sari abokinsa da ya ɓace a kogi. Madam ta shimfiɗa ta a taga, ta ɗauko ruwan wankin ciwo mai kumfa, ta ɗiga a gefen tabon. Shiru, ko kumfa ɗaya. Ta sunkuya ta shinshina, ta ce wa ɗan dokan, "Kai, mutumin nan yana da haƙori a gaba?" Ya ce babu. Ta ce, "To goro ne yake zubo masa." Bayan sun fita ta kama kunnena ta ce in da ya yi kumfa ma ba za mu ce jinin mutum ba ne, masunci kullum cikin jinin kifi yake, sai dai a aika a tantance. Abokin nasa bayan sati ya dawo daga Garwa ta Kamaru da sabuwar taguwa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta tsakiyar yaƙi. An yanka jihohi, an ce mu 'yan Arewa maso Gabas ne, takardunmu sai sun bi ta Maiduguri kafin su san hanyar Kaduna. Sifirit ya ƙare, muka koma jiƙa gishiri har ya ƙi narkewa muna zubawa a kwalba. Tsohon likitanmu, Ba'indiye, ya tafi ƙasarsu. Idon Madam ya yi yana, ta koma gida. Aka bar ni ni kaɗai da sabon likita, saurayi, ɗan babban gida, ya yi karatu a ƙasar waje. Ba mugu ba ne, kuma yana da ƙwaƙwalwa. Amma a katifa ya girma.

A cikin watan zafin nan na gab da damina, bayan azahar, Saje Bukar ya shigo da Landiroba da gawar wata mace mai suna Mairama, daga wata unguwa ta bakin tafkin Njuwa. A bayan motar ga mijinta, Hamma Sali, mai lambun tumatir da alayyafo, an sa masa ankwa, bakinsa a fashe, ido ɗaya ya rufe. Yayyen matar ne suka yi masa haka. Labarin da aka bayar shi ne, da asuba maƙwabta sun ji yana faɗa, ya fita lambu, da ya dawo da rana ya tarar da ita a miƙe. Mata suka taru za su yi mata wanka, da suka juya ta sai suka ga bayanta duk shatin bulala. Goggo Nenne, tsohuwar da ke wankan gawa a unguwar, ta kurma ihu. Kafin a ce me, gari ya ɗauka. Matar ta bar jariri ɗan wata biyu.

Mairama fara ce sol, irin Fulanin nan da ko ƙudan zuma ya harbe su sai an gani daga nesa. Na buɗe bayanta. Layuka ne ja-ja masu duhu, da fari a tsakaninsu. Likita ya auna da tef, ya buɗe littafinsa ya nuna mini hoto, har da ɗan jin daɗi a fuskarsa.

"Kin gani? Sanda ko bulala haka take bari, layi biyu da fari a tsakiya. Ga shi a rubuce."

Ya zauna ya fara cika takarda. Takardar nan in ta fita da hatimi, Hamma Sali igiya ce a gabansa.

Ni kuwa na tsaya ina kallo. Layukan duk a miƙe suke daga kafaɗa zuwa ƙugu, tazararsu ɗaya kamar an ja da rula. Na ɗaga zane kaɗan, sai ga su sun ci gaba a bayan cinya da sha raɓa, kan layi ɗaya. Fata ba ta fashe ko'ina ba, ba kumburi. Hannuwanta lafiya lau, gaba da baya. Wace mace za a yi wa bulala goma sha ta kwanta ɗam kamar itace, ba ta kare da hannu ba, ba ta juya ba? Sannan a wuri uku akwai wani siririn farin layi da ya gitta su. A gefen hagu kuma layi ɗaya ya ninka sauran faɗi. Na san wannan zanen. Kowace safiya ina ganinsa a kumatun Hapsatu idan ta mirgina ta sauka daga tabarma ta kwana a kan tsurar gado.

Madam ta taɓa nuna mini cewa idan rai ya fita, jini yakan gangara ya taru a ɓangaren da ke ƙasa, wurin ya yi duhu, amma inda jiki ya danne abu mai tauri jini ba ya samun shiga, sai ya zauna fari. A baƙar fata da wuya a lura. A irin ta Mairama kamar an buga da tawada.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba bulala ba ce. Gado ne."

Bai ɗago ba. "Wane gado?"

"Gadon kara. Fari-farin nan inda karan ya danne ta ne, duhun kuma tsakanin kara da kara. Na gicciyen igiyar da aka ɗaure su ce."

Ya ajiye alƙalami ya dube ni sama da ƙasa. "Asta, aji nawa kika yi?"

"Huɗu."

"To ki rufe ta, ki je ki tafasa safar hannu."

Da Madam ce da ta ɗaga rufin ɗakin da murya. Ni ba ni da wannan. Na ce to. Kafin in rufe ta na warware zaren ɗaurin kwalba, na shimfiɗa shi a gicciye a bayanta, na ƙulla ƙulli a kan kowane farin layi. Na fita na sami Saje Bukar yana alwala a gindin famfo.

"Saje, don Allah kai ni gidan."

"Yin me? Ke kuma yaushe kika zama sufeto?"

Na nuna masa zaren na yi masa bayani. Ya sharce ruwa daga gemu. Ya ce, "Ni ma a gadon kara aka haife ni. Amma in kika kunyata ni, 'yar nan, har ki mutu ba za ki sake hawa motar gwamnati ba." Na ce na yarda.

Muka iske gidan cike da mata. Abin da na ji tsoro shi na tarar: an fito da gadon tsakar gida, kamar yadda ake yi wa shimfiɗar mamaci, kuma wata ta riga ta fara zare karan ƙafa tana turawa a murhu don dafa wa 'yan zaman makoki kunu. Na yi tsalle na riƙe hannunta. Da Fillanci na yi musu magana don kada a ce baƙuwa ce. Goggo Nenne ta taso da carbinta.

"Ke 'yar wa? Wankin gawa na fara tun uwarki ba ta yi wayo ba. Ni za ki gaya wa ban san bulala ba?"

"Goggo, ban ce ba ki sani ba. A kan me kuka same ta?"

"A kan gadonta mana."

"Da tabarma?"

Ta waiga ta dubi sauran matan. Wata yarinya mai goye da jaririn ta ce, "Babu. Yaron ya jiƙa ta da asuba, ta shanya a danga. Ga ta can ma ba a ɗauke ba."

Na ɗora zaren a kan gadon. Kowane ƙulli ya hau kan kara ɗaya. A gefe guda kara ɗaya ya daɗe da karyewa an zare shi, ya bar giɓi, daidai inda layin nan mai faɗi yake. Saje ya ce, "La'ilaha illallahu." Shi da kansa ya kinkimi gadon ya sa a mota. A hanya yarinyar da muka ɗauko don shaida ta ce faɗan da Hamma Sali ya yi da asuba ma ba da matar yake yi ba, da awakin maƙwabci ne da suka cinye masa irin tumatir. Tun farko ba wanda ya tambaye ta.

Da muka shiga da gado a ka, likita ya miƙe zai yi faɗa. Saje ya ce, "Likita, duba tukuna, in ya so ka kore mu tare." Muka jingina gadon kusa da tebur. Ya auna tazarar kara da tef ɗinsa, ya auna ta bayanta, ya sake aunawa. Ya taɓa igiyar gicciye, ya dubi farin layin. Kunnuwansa na ga sun yi zufa. Ya sa aka kira babban yayanta, Buba, ya nemi izinin tsaga fata gwargwadon gaɓar yatsa. Buba ya ce sam, ba za a yanka ƙanwarsa ba. Na ce masa, "Hamma Buba, ni zan tsaya, ni zan rufe. In bulala ce za a ga gudan jini a ƙarƙashi, kai ma ka sami hujja." Da wannan ya yarda. Aka tsaga. Naman fari tas, ba gudan jini ko ɗaya. Sannan ne likita ya tuna ya duba ƙafafunta, ya ga kumburi har gwiwa. Aka nemo katinta na awo, ashe tun haihuwa take zuwa da haki da kumburi. Ciwon zuciya ne. Ya yaga takardar farko ƙanana-ƙanana ya cika wata. Aka kai Mairama makwancinta kafin magariba.

Washegari na sami takardar tuhuma a kan teburina, wai na bar bakin aiki ba izini. Na kai wa wani malamin makaranta maƙwabcinmu ya rubuta mini amsa, aka ce an yi mini gargaɗi. Rahoton da ya tafi Maiduguri kuwa, na ga kwafinsa: likita ne ya lura, likita ne ya sa a kawo gado. Wannan bai hana ni cin tuwo ba. Kuma in faɗi gaskiya, daga ranar duk gawar da aka kawo sai ya juyo ya ce, "Asta, me kika gani?" kafin ya taɓa alƙalami.

Abin da har yau in na tuna nake jin wuta a ƙirjina shi ne Hamma Sali. An cire masa ankwa, Saje ya kai shi har ƙofar gida ya yi wa mutane bayani da bakinsa. Amma mata talatin sun ga bayan Mairama da idonsu, takardar likita kuwa mutum uku suka gan ta, biyu ba su iya karatu ba. A kasuwar Jimeta tumatirinsa ya riƙa ruɓewa a kwando, mata na wucewa suna nuna shi da baki. Idon nan bai sake buɗewa ba. Dangin matar suka riƙe jaririn suka ce ba za su ba wanda ya kashe uwarsa ba, alhali Buba yana tsaye aka tsaga, ya gani. Na je na sami Goggo Nenne har ɗakinta na roƙe ta ta fito ta ce ta yi kuskure, tunda bakinta ne ya fara. Ta ce ita abin da ta gani ta faɗa, kuma ba za ta tsufa tana ƙaryata kanta a gaban yara ba. Da ruwa ya sauka Hamma Sali ya bar lambun da shukarsa a ciki, ya haye Kamaru. Yaron yanzu ya isa shiga makaranta. Na gan shi kwanan baya a unguwar Ajiya wajen wata gwaggonsa, kuma na san abin da aka gaya masa game da ubansa.

Saboda haka roƙona ga duk wanda wannan rubutu ya isa hannunsa, musamman iyayena mata masu wankan gawa, Allah ya saka muku da alheri a kan aikin da kuke yi. Idan kun juya mamaci kuka ga wani tabo, kada ku yi ihu tukuna. Ku rufe shi, ku tambayi a kan me aka same shi kwance, ku hana a taɓa shimfiɗar, ku aika a kira wanda zai duba. In kuma akwai wanda ya san inda Hamma Sali yake a ƙetare, ya gaya masa akwai mace ɗaya a Jimeta da za ta tsaya gaban ɗansa ta faɗa masa gaskiya duk ranar da ya so.